Darasi na Tara: Agogon Garinku da Agogon Sauran Duniya

Duk mai sauraron rediyo ya saba jin mai gabatarwa yana faɗin lokaci sau biyu: agogon GMT da Ghana, sannan agogon Najeriya da Nijar. Mai ɗa a Turai ko ɗan'uwa a Makka shi ma ya san cewa wani lokaci zai buga waya da yamma ya tarar can dare ya raba. A wannan darasi za mu koyi dalilin haka, da yadda za ku lissafa lokacin wata ƙasa da kanku ba sai kun tambayi kowa ba.

Mu fara da gida

Da azumi, mutanen Maiduguri suna shan ruwa kusan rabin awa kafin mutanen Sakkwato, alhali agogonsu ɗaya ne. Dalili shi ne Maiduguri tana gabas, rana tana riga fito musu, tana kuma riga faɗuwa.

Malamin aji ya kawo lemo da tocila. A rufe taga, a haska lemon daga gefe guda, wani ya riƙa juya shi a hankali. Ku lura: rabinsa yana cikin haske, rabinsa yana cikin duhu, kuma hasken yana bin jikinsa sannu a hankali. Haka duniya take juyawa, sau ɗaya cikin awa 24. Masana sun raba kewayenta gida 360, suna kiran kowane gida digiri. Idan aka raba 360 da 24 za a sami 15. Wato duk digiri 15 da ka matsa gabas ka ƙara awa ɗaya, kowane digiri ɗaya kuma minti huɗu ne. Tsakanin Sakkwato da Maiduguri akwai kusan digiri takwas. Ku ninka takwas sau huɗu, ga rabin awar nan ta fito.

Da a ce kowane gari zai bi ranarsa, da jirgin ƙasa da rediyo da banki sun rikice. Shi ya sa kowace ƙasa ta zaɓi agogo ta tsaya a kansa. A shekarar 1884 wakilan ƙasashe suka taru a birnin Washintan na Amurka suka amince a fara ƙirge daga layin da ya ratsa unguwar Girinic a Landan. Harafin G da ke cikin GMT daga sunan unguwar ya fito. Layin ya gangaro kudu ya bi ta garin Tema a Ghana, shi ya sa agogon Ghana yake daidai da GMT.

Gabas ƙari, yamma ragi

Wannan ita ce ƙa'idar da za ku haddace. Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi agogonsu ɗaya. Idan ƙarfe 12 na rana ta yi a Kano ko Damagaram, to a Kumasi 11 ce ta safe, domin Ghana tana yamma. A Khartum ƙarfe 1 ce, a Makka da Madina ƙarfe 2, a Dubai ƙarfe 3, a Gwanzu ta ƙasar Sin, inda 'yan kasuwarmu ke saro kaya, ƙarfe 7 ce ta yamma. Ɗan kasuwar da ya bari sai bayan azahar zai kira mai kaya a can, ya makara, an rufe shago.

Ba kowace ƙasa ce ta bi cikakkiyar awa ba. Indiya tana gabanmu da awa huɗu da rabi. Ƙasar Sin duk faɗinta agogo ɗaya take bi, Rasha kuwa tana da har 11.

A nan akwai abin da ya kamata maniyyata aikin Hajji su riƙe da kyau. Lokacin da aka rubuta a tikitin jirgi, na garin da aka ambata ne. Lokacin tashi agogon garin tashi ne, lokacin sauka agogon garin sauka. Idan tikiti ya ce jirgi zai tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare ya sauka Jidda ƙarfe 5 na asuba, ba awa bakwai za a yi a sama ba. A cire awa biyun da ke tsakani, saura biyar. Da an sauka a gyara agogon hannu. Mai shan magani a kan lokaci, musamman na ciwon suga ko hawan jini, ya tambayi likitan tawaga yadda zai daidaita shansa.

Ƙasashen da ke taɓa agogo sau biyu a shekara

Wannan ne ya fi rikita mutane. A wajenmu tsawon yini bai cika sauyawa ba. A Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba. A Landan kuwa yinin watan Yuni ya haura awa 16, na Disamba bai cika takwas ba. A lokacin zafinsu gari yana wayewa tun mutane suna barci, sai hasken ya tafi a banza. Don haka suke tura agogo gaba da awa ɗaya, a tashi da wuri, a sami ƙarin haske da yamma bayan an tashi daga aiki. Idan sanyi ya ƙarato sai su mayar da shi. Jamus ce ta fara yin haka a ƙasa baki ɗaya a 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, don ta rage ƙona kwal. Ingila ta bi bayanta a shekarar.

A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai ana tura agogo gaba ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, a mayar da shi ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Saboda haka daga Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan daidai yake da namu, amma a Disamba muna gabansu da awa ɗaya. Masu zuwa gidan kallo sun san wannan: wasan da ake bugawa ƙarfe 3 a Ingila, a watan Agusta ƙarfe 3 ake kallonsa a nan, a Disamba kuma sai ƙarfe 4. Jamus da Faransa da Italiya kuwa da sanyi ne suke daidai da mu, da zafi suna gabanmu da awa ɗaya.

Amurka ranakunta daban: Lahadi ta biyu a Maris, da Lahadi ta farko a Nuwamba. Muna gaban birnin Niyok da awa biyar a Yuli, da awa shida a Janairu. Masar ta dawo da tsarin sauya agogo a 2023, abin da ya shafi masu 'ya'ya a makarantun Alƙahira. Wasu kuma sun gaji sun daina, kamar Turkiyya a 2016 da Barazil a 2019. A Barazil dalilin shi ne wutar da ake tsimi ba ta taka kara ta karya ba, ga shi sauyin yana ɓata wa mutane barci. Saudiyya da Sin ba sa taɓa agogonsu, don haka lissafinmu da su ba ya sauyawa duk shekara.

Kafin ku kira wani a Turai ko Amurka, ku fara tambayar kanku wane wata ake ciki. Mai wayar zamani ya buɗe manhajar agogo, ya ƙara sunan garin, ita da kanta za ta riƙa bin sauyin. Idan kuma ana sa muku lokacin magana ta waya, ku tambaya a fili: agogonku ko agogonmu?

Aikin yi

1. Ƙarfe 4 ta yamma ce a Katsina. Ƙarfe nawa ne a Madina? A Akara fa?
2. 'Yarki tana karatu a Landan, ta ce za ta kira ƙarfe 8 na dare agogonsu, a watan Janairu. Ƙarfe nawa za ki jira kiran?
3. Jirgi ya tashi daga Jidda ƙarfe 9 na safe, ya yi awa biyar a sama. Ƙarfe nawa ya sauka Kano?
4. Ku rubuta sunan ƙasar da kuke da ɗan'uwa ko abokin ciniki a cikinta, ku rubuta gabas take ko yamma, da yawan awannin da ke tsakaninku, ku kawo a darasi na gaba.