Babi na 6: Ciwon Dunduniya da Tafin Ƙafa

Darasi na 1: Ina ciwon yake?

Kowa ya cire takalminsa, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan gwiwar ɗayar. Ku taɓa dunduniya, wasu kan ce diddige. Ku taɓa gindin yatsu. Tsakaninsu akwai kwarmin da ba ya taɓa ƙasa idan kun tsaya. A nan wata jijiya mai faɗi ta miƙe daga ƙashin dunduniya har gindin yatsu, kamar tsirkiyar baka. Ita ke ɗaukar nauyinku duk taku. Idan aiki ya yi mata yawa sai ta yi rauni daidai inda ta kama ƙashi.

Alamarta ba ta ɓuya. Takun farko da asuba kamar ka taka ƙusa, in ka ɗan zazzaga sai ya lafa, in ka zauna ka tashi ya dawo. Masu wuni a tsaye kan siminti sun san shi: mai shayi, mai tuyar ƙosai, ɗan dako. Ƙiba na kawo shi, juna biyu ma haka, da silifas ɗin da ya cinye ya zama kamar takarda.

Darasi na 2: Miƙa jijiya kafin taku

Wannan ne darasin da nake so ku riƙe. Da kun farka, kada ku sauko. Ku zauna a bakin gado ko kan tabarma. Ku ɗora ƙafar da ke ciwo a kan gwiwa. Ku kama yatsun duka da hannu, ku ja su baya wajen ƙwauri, har ku ji tafin ƙafa ya ɗame. Ku ƙirga 1 zuwa 10 a hankali, ku saki. Wannan sau ɗaya ke nan. A yi sau 10.

Yaushe? Kafin ƙafa ta taɓa ƙasa. Ba bayan alwala ba, ba bayan an dawo daga masallaci ba. Kafin ƙafa ta taɓa ƙasa. Da dare jijiyar takan takure, in kun ɗora mata nauyi a haka kun fama rauni.

Baya za a ja yatsun, ba ƙasa ba. Na ga da yawa a aji suna lanƙwasa su ƙasa. Ba komai, kowa da haka ya fara. Ku sake: yatsu su kalli ƙwauri. Madalla. A maimaita da rana da kuma dare, amma na asuba shi ne babba.

Wasunku sun yi kwana 3 suka ce ba ya aiki. Haba jama'a! Wannan ciwo yakan ɗauki watanni kafin ya tafi. Da na tambaya kuma, ashe sai sun taka har bakin rijiya suke tunawa. Na faɗa, na sake faɗa: kafin ƙafa ta taɓa ƙasa.

Darasi na 3: Sanyi da takalmi

Ku sa ruwa a robar lemo ya yi ƙanƙara. Da yamma ku zauna, ku mirgina ta a ƙarƙashin tafin ƙafa minti 10. A sa takalmi mai taushin ciki da ɗan tudu a dunduniya, ko a tsakar gida. A rage tsayuwa.

Darasi na 4: Asibiti

Kada a yi sakiya, kada a yi tsaga. Kada a yi ta haɗiyar maganin ciwon jiki na kemis, yana taɓa ciki da ƙoda. Mai ciwon suga kada ya sa ƙanƙara, ya je asibiti. Haka wanda ƙafarsa ta kumbura, ta yi zafi, ta mutu, ko ya kasa takawa bayan faɗuwa.

Aikin gida: ku rubuta 1 zuwa 10 a littafinku.