Kurakuran da ke saurin fitar da ɗan wasa daga filin harbin fenti

A ranar 27 ga Yuni, 1981, mutum 12 suka shiga wani daji a Henniker, cikin jihar New Hampshire ta Amurka, kowa riƙe da irin bindigar da ake yi wa bishiyoyi da shanu alamar fenti da ita, suka buga wasan harbin fenti na farko, wato wasan da ake harbin juna da ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da fenti, wanda ƙwaya ta fashe a jikinsa ya fita daga wasa. Wanda ya yi nasara, wani ma'aikacin gandun daji mai suna Ritchie White, ya tattara tutocin da ake nema ba tare da ya harba ko ƙwaya ɗaya ba. Ina fara da wannan ne domin yawancin sababbin 'yan wasa suna shiga fili da tunanin cewa yawan harbi ne ke tsare mutum, alhali shi ne kan fara tona asirin inda ya ɓuya.

Kuskuren da ya fi kowanne fitar da mutane shi ne yadda suke leƙe daga bayan mafaka. Sabon ɗan wasa yakan ɗago kansa ta saman shinge, sai ya zama abin da kowa a filin ke hange, dama da hagu. Gyaran shi ne a leƙa ta gefe, domin ta nan mutum ɗaya ko biyu kawai za su iya ganinka. Sannan a kula da gwiwar hannu. Na sha ganin wanda ya ɓoye jikinsa duka amma gwiwar hannunsa tana waje kamar fiffiken kaza, kuma a nan fentin ke fashewa. A matse ta a jikin haƙarƙari, a karkata bindigar kaɗan don mazubin ƙwayoyin da ke samanta ya shige bayan mafaka, tunda a yawancin dokoki fashewar fenti a kan bindiga ko mazubi daidai take da fashewarsa a ƙirji. Idan za a harba ta gefen hagu na mafaka, a mayar da bindigar hannun hagu. Da wuya a farko, amma wanda ya ƙi koyon haka dole ya fito da rabin jikinsa kafin ya ga abokin hamayya. Leƙen kansa ya kasance gajere: a fito, a harba biyu ko uku, a koma, kuma kada a sake fitowa daga daidai wurin da aka fito ɗazu, domin bakin bindigar wancan yana jira a can. In ka leƙa a tsaye, karo na gaba ka leƙa a durƙushe.

Akwai kuma harbi daga nesa. Ƙwayar fenti nauyinta bai wuce kimanin giram 3 ba, kuma filaye ba sa yarda gudunta ya haura ƙafa 300 a daƙiƙa, wasu ma 280 suke tsayarwa. Saboda haka da ta yi nisa sai ta karkace, ƙarfinta ya ragu, har ta bugi mutum ta faɗi ba ta fashe ba. Mai harbin wanda ke can ƙarshen fili yana zubar da ƙwayoyi 200 ɗin da ke mazubinsa ne a banza, yana kuma sanar da kowa inda yake.

Tsayawa wuri ɗaya ma kuskure ne, haka nan gudu babu shiri. Kafin ka tashi, ka san mafakar da za ka faɗa, ka gaya wa abokinka ya yi ta harbi don abokan hamayya su sunkuyar da kai, sannan ka ruga a duƙe. Shiru a tsakanin 'yan ƙungiya yana kashe wasa. Wanda ya hango mutum a gefen dama ya ɗaga murya ya faɗa. Mai zuba wa abokin hamayya ɗaya ido, ya manta da sauran filin, daga gefe ake zagayowa a same shi.

Abin da ya fi damuna shi ne batun abin rufe fuska. Idan zufa da numfashi suka sa gilashin ya yi raɓa, wasu sukan ɗaga shi don su goge, kuma ƙwaya ɗaya ta isa ta tsiyayar da ido har abada. Ba a cire shi a cikin fili ko da wane dalili. A nemi mai gilashi ruɓi biyu, wanda ba ya saurin yin raɓa, in kuwa ganin ya dushe gaba ɗaya, a kira alƙalin wasa ya fitar da mutum zuwa inda aka keɓe.

Mutane da yawa kuma suna fitar da kansu da kansu. Da sun ji zafin bugu sai su ɗaga hannu su kama hanyar fita, alhali ƙwayar ba ta fashe ba, kuma a yawancin filaye bugun da bai bar fenti ba ba ya cikin lissafi. Ka koma bayan mafaka ka duba, in wurin baya ne da ba ka iya gani, ka kira alƙali ko abokinka ya duba maka. Amma idan fentin ya fashe, kada ka goge shi, domin wannan maguɗi ne da ake hukunta ƙungiya a kansa. Ka ɗaga bindigarka sama, ka sanar cewa ka fita, ka bar filin fuskarka a rufe.