Yadda Za Ka Zaɓi Fitilun Gida Masu Jin Magana

Yawancin waɗanda na ga sun shiga harkar fitilu masu jin magana da sayen ƙwan fitila suke farawa. Mutum ya ga bidiyon ɗaki yana canza launi, ja, shuɗi, kore, sai ya yi odar ƙwai shida a tashi ɗaya. Kafin wata ya cika za ka tarar an koma kunna su da makunnin bango kamar kowane ƙwan shagon unguwa. Ƙwai shi ne abu na ƙarshe da za ka saya.

Da farko ka tsayar da wanda zai saurare ka, wato manhajar da za ta ji muryarka ta lasifika ko ta waya, ta kunna ko ta kashe fitila. Uku ne manya: Alexa ta kamfanin Amazon, da Google Home, da Siri ta Apple. Idan mutanen gidan duk masu Android ne, ka bi Google. Idan kowa iPhone yake riƙe da ita, ka bi Apple. Ni dai Alexa nake sa wa mutane, don da wuya ka ɗauki kwalin ƙwai a kasuwa ba ka ga tambarinta a jiki ba. Ɗaya za ka ɗauka, kada ka haɗa biyu. Kuma ka sani babu wadda za ka ce wa "kashe fitilar falo" ta kashe. Turanci suke ji, da Faransanci, da Larabci, da wasu harsuna, ban da Hausa. Kafin ka fitar da ko kwabo, ka gwada a wayarka, ka sa uwargida da yara ma su gwada, ka ga ko tana gane Turancinsu. Idan akwai dattijuwa a gidan da ba za ta yi wa bango Turanci ba, ɗakinta maɓalli yake buƙata, ka sa wannan a lissafi tun yanzu.

Sai hanyar da ƙwan zai bi ya karɓi umarni. Masu araha, irin na Tapo da waɗanda ke aiki da manhajar Smart Life, Wi-Fi suke hawa kai tsaye, kuma kusan dukkansu layin Wi-Fi na 2.4 GHz kaɗai suke gani. Ƙwai biyu ko uku ba matsala. Amma idan ƙaramar MiFi ce a gidan, wadda yawanci na'urori kamar 10 take ɗauka, wayoyin gida kaɗai sun cinye rabin gurbin. Daga ƙwai biyar zuwa sama, Zigbee nake cewa a yi, wato wata hanyar sadarwa marar waya da ba ta hawa Wi-Fi. Shi yana buƙatar ɗan akwati da ake jona wa rauta, kamar Hue Bridge na Philips mai ɗaukar fitilu kusan 50, kuma ƙwayayen da kansu suna miƙa wa juna saƙo daga ɗaki zuwa ɗaki. Ya fi tsada, babu musu. Wasu lasifikokin Echo, wato na Amazon masu Alexa, suna zuwa da Zigbee a cikinsu, wannan yana rage maka sayen akwatin. Idan ka ga tambarin Matter a kwali, tsarin da aka fitar a 2022 don kayan kamfanoni daban-daban su yi aiki tare, alheri ne, don ko ka bar Alexa ka koma Google ƙwan zai bi ka.

Yanzu ga wurin da nake so ka natsu, domin nan ne kuɗin mutane ke salwanta. An ƙera kayan nan ne a ƙasashen da ba a san ɗauke wuta ba. A wajen ƙwan, duk lokacin da wuta ta shigo masa, wani ne ya danna makunni yana son haske, saboda haka sai ya kama. To ka kashe fitilun gida da baki ƙarfe goma na dare, NEPA ta ɗauke sha biyu, ta dawo da ita ƙarfe uku. Ɗakin barci, ɗakin yara, falo, duk su haske tar, jariri ya farka, kai kuma kana ta kiran Alexa ba ta amsawa, don rauta ba ta gama tashi ba. Dare uku aka yi haka, matar gida za ta koma kashewa ta bango, magana ta ƙare.

Don haka kafin ka saya, ka bincika ko manhajar ƙwan tana ba ka damar zaɓen abin da zai yi idan wuta ta dawo. Ka kula sosai, abu biyu ne masu kama da juna. Akwai ƙwan da ke tuna launinsa da ƙarfin haskensa na ƙarshe, amma duk da haka sai ya kama. Wannan ba shi kake nema ba. Wanda kake nema shi ne mai tuna cewa a kashe yake, ya ci gaba da zama a kashe. Philips Hue yana da wannan saitin, wasu na Smart Life ma suna da makamancinsa. Mai shago zai ce maka duk suna yi. Ka ce ya jona, ka kashe ta waya, ka zare filogi, ka mayar, ka gani da idonka.

Akwai matsala ta biyu da ta fi wannan ban haushi. Yawancin ƙwayayen Wi-Fi masu araha, hanyar goge musu ƙwaƙwalwa ita ce a kunna a kashe sau uku a jere. Wutar da ke zuwa tana kiftawa, ko yaron da ke wasa da canjoba lokacin komawa janareta, daidai wannan suke yi. Sai ka ga ƙwan yana ta walƙiya shi kaɗai. Wasu sukan koma daidai bayan 'yan mintuna, wasu kuwa sai ka sake haɗa su ɗaya bayan ɗaya, ka sake raɗa musu suna. Idan kana da sola ko inbata, ka mayar da layin fitilun kai, ƙwan LED ba ya cin wuta. Idan babu, aƙalla ka saya wa rauta da lasifika ƙaramin batirin UPS. Ka tuna kuma murya da intanet take aiki: ranar da data ta ƙare, lasifikar ta zama kurma. Maɓallin Zigbee shi zai ci gaba da aiki ko babu intanet, muddin akwatinsa na da wuta.

Daga nan ka yanke: ƙwai za ka canza ko makunni? Ƙwai mai wayo dole makunninsa na bango ya zauna a kunne kullum, wanda ya kashe shi ya yanke magana. A falo mai fitilu da yawa kan layi ɗaya, da tsakar gida, da ƙofar gida, makunni mai wayo ya fi, ƙwayayenka na da su ci gaba da aiki, hannu ya yi, baki ya yi. Sai dai yawancinsu suna buƙatar wayar nutral, kuma a gidaje da dama ba a kai ta akwatin makunni ba. Ka kira mai wayarin ya buɗe ya duba, kada ka taɓa da kanka. Ƙwai mai wayo kuma ba a ɗora shi kan tsohon makunnin nan mai rage haske.

Sauran duba kwali ne. Ka ga 220–240V, wanda aka rubuta 100–240V ya fi jure raunin wuta. Tsarabar Amurka mai 120V ƙonewa za ta yi, ta Ingila ko Dubai lafiya lau. Ka duba holdarka, mai murɗawa ce, E27, ko mai kunne biyu, B22. Lumen ma'aunin ƙarfin haske ne, 800 daidai yake da tsohon ƙwan wat 60. Launin haske kuwa, ɗakin barci 2700K mai ruwan ɗorawa, kicin da wurin karatu 6500K fari. Mai launuka ɗaya ya isa a gida, ɓarnar kuɗi ce a sa shi a banɗaki. Ka sayi ƙwai ɗaya da lasifika ɗaya, ka ba su suna gajere da lasifikar za ta kama, ka bar su mako biyu su sha ɗaukewa da kawowa, sannan ka sayi sauran daga kamfani ɗaya.