Ga sabon zuwa Saudiyya mai son shuka fure: ka jira Oktoba

Ɗan'uwa, in ka sauka Jidda ko Riyad kuma kana da hannun shuka, ka fara ajiye lissafin damina, don nan babu ita. Yuni da Yuli, lokacin da manomin Kano ke sa iri a ƙasa, su ne watannin da zafin Riyad ke haura digiri 40, har tukunyar fure a saman bene ta gagari taɓawa. Shukar nan daga Oktoba take farawa, ta kai Maris.

Ekinesiya ce ta sa na kawo maganar, don sababbin zuwa kan ga hotonta a jikin fakitin iri su saya nan take. Fure ne mai kyau ƙwarai, jaja-jaja mai ratsin shuɗi, gefensa ya sunkuya ƙasa, tsakiyarsa ta taso da ƙaya-ƙaya kamar bayan bushiya. Asalinta Arewacin Amurka, inda take fure daga Yuni zuwa Satumba, ta bushe da hunturu, ta sake tohowa daga saiwa. Kwanakin da ke jikin fakitin na can ne.

Tana son sanyin da za ta huta a cikinsa, Jidda da Makka kuwa ba su da shi. In zamanka Ɗa'ifa ne, mai tsayin wajen mita 1,800, ko Abha, garuruwan kan duwatsu masu sanyi, to ka dace. Ka cuɗa irin da yashi mai danshi, ka sa a firij kamar mako huɗu kafin shuka. Sai haƙuri, don sau tari wadda aka shuka daga iri sai shekara ta biyu take fure sosai. Ba ta son ruwa ya kwanta mata, saboda haka tukunya ta zama mai huji, ƙasa a gauraya da yashi da ruɓaɓɓen taki. Ban ruwa bayan asuba. Rana ta same ta da safe, inuwa ta rufe ta daga azahar. Furen da ya bushe ka datse shi, wani zai fito.

Mazaunin Jidda kam, shawarata ya nemi ziniya a mashtal, wato wurin masu sayar da dashe. Furenta ya ɗan yi kama da na ekinesiya, tana jure zafi, kuma cikin wata biyu da shuka za ka ga furenta.