Masu dashe a filayen gwamnati, ga inda kuke ɓata aikin

Na gaji da ganin abu ɗaya kowace damina a Zariya. Ƙungiyar matasa ta karɓo dashe, ta shuka a bakin Kubanni ko gefen gandun daji, a yi hoto a watse. Kafin bazara babu ko ɗaya a tsaye.

Wuta ce kan gaba, kuma ita ta taɓa cinye mana aikin damina guda. Madaci da ɗorawa sun kama, sun kai gwiwa, sai ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta taso. Yara masu farautar gafiya suka cinna wuta daga can nesa. Da muka je washegari, toka ce kawai da 'yan tsinke baƙaƙe, ƙasa na ta hayaƙi. Har yau abin na ci mini rai. Don Allah, wane irin dashe ne za ku bar shi a tsakiyar ciyawar da ta fi shi tsawo? Ni tun ƙarshen Oktoba, ciyawa na da sauran ɗanye, nake sa a share kewayen fili fes, faɗin taku goma, a kwashe abin da aka nome a kai nesa. Sannan in je wurin mai unguwa da ardon Fulanin yankin in gaishe su, in nuna musu wurin. Wanda aka girmama da gaisuwa shi ke tsawatar wa yaransa.

Sai jinkiri. Ana jiran babban baƙo ya samu sarari, har Satumba ta yi. Ruwan Zariya kuwa yana ɗaukewa ne a Oktoba, yaushe saiwa za ta kama? Ku dasa a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, ruwa ya zauna. Baƙon ya zo daga baya ya ga ganye.

Kada kuma ku ce ai filin gwamnati ne, ba mai shi. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, gandun daji kuma yana da iyaka da ma'aikatansa. Ku nemi malamin daji tun kafin ku haƙa rami.

Itacen turare yana saurin girma, shi ya sa kowa ke rububinsa, amma akwai shan ruwa, gara kuma na cinsa yana ƙarami. Ni a bakin rafi ba na sa shi. Garin da ke da unguwanni irin su Rimin Doko da Rimin Tsiwa bai kamata ya manta da rimi ba. Ga tsamiya, ga ɗorawa. Mai neman shawara ya leƙa tashar binciken gandun daji da ke Samaru.

A cire leda kafin a binne. A kewaye kowane dashe da ƙaya saboda awaki. Masu ɓare ɓawon madaci don magani kuma, ku ɗiba gefe ɗaya. In kuka zagaye gindin gaba ɗaya, itacen ya mutu ke nan.