Yadda ake bin sawun iskar gas mai tsatsowa har zuwa makwancinta

Iskar gas ba ta fitowa saman ƙasa a inda ta ga dama. Tsarin duwatsun da ke ƙarƙashi ne ke ba ta hanya, don haka aikin yana farawa ne daga taswira tun kafin a taɓa ƙasa.

A taswirar duwatsu da hotunan tauraron ɗan'adam, abu uku ake nema. Akwai tsagewa, inda shimfiɗun dutse suka karye suka goce wa juna. Akwai lanƙwasa, inda dutse ya yi doro kamar kifaffiyar ƙwarya, gas ya taru a ƙololuwa. Sai kuma murfi, wato dutsen laka ko gishiri da ke hana shi wucewa. Baba Gurgur na Kirkuk a Iraƙi misali ne sananne: wuta ta daɗe tana ci a ƙasa bisa irin wannan doro, kuma a 1927 rijiyar da aka haƙa a wurin ta ɓarke da mai. A Kwarin Gongola, inda rijiyoyin Kolmani suke tsakanin Bauchi da Gombe, dutsen yashi na Bima yana cikin waɗanda ake dubawa a matsayin ma'aji, wato dutsen da gas ke taruwa a cikin kofofinsa, dutsen laka na Fika kuma a matsayin murfi.

Daga nan sai a ja layukan ɗiban samfur su gitta tsagewar. Layin da ya bi tsawonta ba zai nuna inda gas ya ƙaru da inda ya ragu ba. A bar tazarar mita 200 zuwa 500 tsakanin wuraren ɗiba, a matse ta zuwa 50 idan an zo kan tsagewar. A kowane wuri a kafa bututun ƙarfe zurfin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a toshe bakin ramin, a zubar da zuƙon farko, sannan a cika kwalbar da aka kwashe wa iska. Idan toshin bai kama ba, iskar sarari ce za ta cika kwalbar. A yi aikin da rani, domin ruwan damina yana cike kofofin ƙasa ya danne gas.

A ɗakin gwaji ake raba nau'o'in gas da ke cikin samfurin, wato metan da etan da furofan, kuma nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Fadama da ruɓaɓɓen ganye ma suna fitar da metan. A raba yawan metan da jimillar etan da furofan: idan amsar ta haura 1,000, aikin ƙwayoyin halitta ne na kusa da sama, idan ta gaza 100, gas ne da zafi ya dafa a zurfi. A tabbatar da gwajin nau'in kabon da ke cikin metan ɗin.

Sai a ɗora sakamakon kan hoton saismik, wato hoton shimfiɗun ƙarƙashin ƙasa da ake samu ta hanyar aika girgiza a auna dawowarta. Kada a kafa rijiya a kan wurin da gas ya fi yawa kawai. Tsagewa yawanci a karkace take nutsewa, gas kuma yakan bi dutsen yashi ya yi tafiyar kilomitoci a gicciye kafin ya fito, don haka a bi karkatar a gangara har inda ta haɗu da doron. A kuma tambayi murfin: tsatso mai ƙarfi yana nuna an dafa gas a ƙasa, amma yana iya nufin ma'ajin ya yoye tuntuni. Ma'ajin da gishiri mai kauri ya rufe kuwa yana iya kasancewa cike ba tare da ko alama a sama ba.