Yadda iyalan manoma a Birtaniya za su shirya wa harajin gado

Tun daga 1992 gonaki a Birtaniya suke wucewa daga iyaye zuwa 'ya'ya ba tare da harajin gado ba, amma a Oktoban 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar cewa daga 6 ga Afrilun 2026 wannan rangwame na yafe harajin gaba ɗaya zai tsaya a kan fam miliyan 1 na farko na darajar gona. Bayan manoma sun cika titunan Landan da taraktoci, gwamnati ta ɗaga iyakar zuwa fam miliyan 2.5 a Disamban 2025, kuma abin da ya haura haka ana biyan kashi 20 cikin ɗari a kansa maimakon 40 da aka saba biya, domin rabinsa kawai ake ɗora wa harajin.

Abu na farko da ya kamata mai gona ya yi shi ne ya sa ƙwararre ya ƙiyasta masa darajar filin da gine-gine da dabbobi da injuna, domin a takarda gona tana da tsada ƙwarai, alhali abin da take kawowa a shekara bai taka kara ya karya ba. Gonar mutum ɗaya mai darajar fam miliyan 4, idan aka cire miliyan 2.5, aka raba ragowar biyu, sannan aka cire fam 325,000 da doka ta yafe wa kowa, aka ɗauki kashi 40 cikin ɗari na abin da ya rage, harajinta zai kama fam 170,000. An yarda a biya shi cikin shekara 10 ba tare da ruwa ba, amma fam 17,000 a kowace shekara kan iya tilasta wa magada sayar da wani yanki na gonar.

Daga nan sai a duba batun kyauta, wanda a ganina shi ya fi cancantar a zauna a kansa. Wanda ya mallaka wa 'ya'yansa gona yana raye, ya kuma ƙara shekara 7 a duniya, babu harajin gado a kan abin da ya bayar. Sai dai dole ne kyautar ta zama ta haƙiƙa: idan uba ya ba da gidan gona amma ya ci gaba da zama a ciki ba ya biyan haya daidai da farashin kasuwa, hukumar haraji za ta lissafa gidan cikin abin da ya bari. Saboda haka wajibi ne a fara tsara abin da dattijon zai rayu da shi kafin a sa hannu a kowace takarda. Wanda shekarunsa suka ja zai iya ɗaukar inshorar rai da za ta biya harajin idan ajali ya zo kafin wa'adin ya cika.

Ma'aurata suna da sauƙi, domin abin da miji ya bar wa matarsa ba a karɓar haraji a kansa, kuma rangwamen da wanda ya fara rasuwa bai yi amfani da shi ba yana komawa ga ɗayan, ya zama fam miliyan 5. Musulmin da ke son a raba dukiyarsa bisa shari'a ya lura cewa matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take samu, don haka mafi yawan dukiyar ba za ta shiga wannan yafiya ba. Ya nemi lauyan da ya san dokokin biyu ya rubuta masa wasiyya, domin idan babu ita, dokar ƙasar ce za ta yi rabon.